Digiri na biyu a harshe da adabin Jamusanci: abin da na tarar a zango huɗu

Na kammala digiri na biyu a fannin da Jamusawa ke kira Germanistik, wato nazarin harshe da adabin Jamusanci, a ɗaya daga cikin jami'o'in gwamnati na ƙasar Jamus. Hukuncin da na yanke bayan na karɓi takardar shaidata shi ne, karatun yana da nagarta ƙwarai, amma an gina shi ne domin ɗalibin da zai iya tafiyar da kansa, kuma babu wanda zai faɗa maka haka sai ka shiga ka gani da idonka.

Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Zango huɗu ne cikin shekara biyu, ana tara maki 120 bisa ma'aunin da jami'o'in Turai suka amince da shi bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makin yana kan kundin da ake rubutawa a zangon ƙarshe. Fannin ya kasu gida uku: adabin zamani, adabin tsakiyar zamani, da kimiyyar harshe. Ana bayar da sakamako daga 1,0, wanda shi ne ƙoli, zuwa 4,0, wanda shi ne tsallakewa da ƙyar.

Kafin a ɗauke ni sai da na gabatar da shaidar ƙwarewa a harshen, kamar yadda ake nema daga duk wanda ba a makarantar Jamusanci ya taso ba, ko dai ta jarrabawar DSH, ko TestDaF, ko takardar C2 ta Cibiyar Goethe. Na shigo da tawa takardar ina ganin na gama da batun harshe, sai zaman aji na farko ya nuna mini cewa ƙofa kawai ta buɗe mini. Mutum ashirin ne kewaye da teburi suna jayayya a kan jimla guda daga wani gajeren labari na Franz Kafka, kuma kafin in gama shirya amsata a zuci, magana ta riga ta wuce zuwa wani wuri. Wanda yake neman inda zai gyara Jamusancinsa, ya sani ba nan ba ne, domin babu darasi ko ɗaya a shirin da aka ware don koyar da harshen.

Ɓangaren da na fi jin tsoro shi ne ya zama mafi amfani a gare ni, wato adabin tsakiyar zamani. Ana karanta matanin ne a cikin Jamusancin da aka yi amfani da shi tsakanin wajen 1050 zuwa 1350, ba a fassararsa ba, kuma abokan karatuna Jamusawa sun riga sun yi darasin share fage a kansa tun a digiri na farko, ni kuwa ban taɓa ganinsa ba. Haɗarin wannan tsohon harshe shi ne yadda yake kama da na yau, har mutum ya ɗauka ya fahimta alhali ya yi nisa da ma'ana. Kalmar arebeit, wadda ta zama Arbeit, aiki, a wancan lokaci wahala da ƙunci take nufi. Kalmar hôchgezît kowane babban biki take nufi, kafin ta taƙaita ta zama Hochzeit, bikin aure kaɗai. Wîp kuwa ita ce kalmar da ake kiran kowace mace da ita ba tare da raini ba, vrouwe kuma matar gidan sarauta, amma a yau Frau, wadda ta fito daga vrouwe, ita ce ta kowa, Weib kuwa, wadda ta fito daga wîp, ta koma kusan zagi. Malamar da ta koyar da mu takan tsayar da aji a kan kalma ɗaya na tsawon rabin sa'a, ta sa mu buɗe ƙamus mu bi sawunta ƙarni bayan ƙarni, kuma ba ta yarda ɗalibi ya ce "ina jin ma'anarta kaza" sai ya nuna layin da ya dogara da shi. A wurinta na koyi karatu da natsuwa, kuma da wannan horo na koma wa manyan marubutan Jamus Goethe da Schiller na riƙa ganin abubuwan da a da nake tsallakewa. Da muka zo kan waƙar Nibelungenlied, wadda aka rubuta a wajajen 1200, mun shafe makonni uku muna kwatanta manyan rubuce-rubucen hannu guda uku da ta zo a cikinsu, saboda ba su yi daidai da juna ba a wurare da dama, kuma zaɓin wanda za a bi yana sauya yadda ake fahimtar wasu daga cikin jaruman.

Kimiyyar harshe ma an koyar da ita da kyau. A nan na fahimci dalilin da ya sa mutanen arewacin ƙasar da ke magana da karin harshen yankin suke cewa Water da Appel, wato ruwa da tuffa, alhali daidaitaccen harshe yana cewa Wasser da Apfel: wani sauyin baƙaƙe ne da ya faru a kudu tun kafin a fara rubuta harshen, bai kai arewa ba. An kuma koya mana aiki da babban rumbun matani na Cibiyar Harshen Jamusanci da ke Mannheim, wanda yake ba mai bincike damar ganin yadda ake amfani da kalma a jaridu da littattafai maimakon ya dogara da kunnensa.

Game da kayan aiki ba ni da ƙorafi. Littafin da babu shi a laburaren jami'a ana aro shi daga wata jami'ar da ɗan kuɗi kaɗan, ƙamus ɗin 'yan'uwan nan Jacob da Wilhelm Grimm, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1854 ba a kammala shi ba sai 1961, yana intanet kyauta, kuma yawancin matanin da ake buƙata ana samunsu a ƙananan littattafan kamfanin ɗab'i na Reclam masu launin rawaya da ba su da tsada. Don kundina na je ma'ajiyar adabi ta Marbach, garin da aka haifi Schiller, inda na gane cewa rashin iya karanta tsohon rubutun hannu na Jamusawa babbar nakasa ce, kuma shirin namu bai tanadi darasi a kansa ba.

Rauni na farko shi ne yawan dogaro da jawabin ɗalibai. A wasu darussa, musamman na adabin zamani, malami yakan raba batutuwa a makon farko, daga nan kowane zama na minti casa'in ya tafi a sauraron ɗalibi yana karanta abin da ya haɗa, wani lokaci a daren jiya, malamin kuma ya ƙara 'yan kalmomi a ƙarshe, a ƙwanƙwasa teburi kamar yadda al'adar jami'o'insu take a madadin tafi, a watse. Idan ɗalibin ya shirya, an amfana. Idan bai shirya ba, mako ya tafi a banza.

Na biyu, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne ƙarancin jagora a rubutu. Kusan kowane darasi yana ƙarewa da maƙala mai shafi goma sha biyar zuwa ashirin da biyar da ake rubutawa a lokacin hutu, kuma ita ce take yanke sakamako. An ɗauka kowa ya san yadda ake ƙulla tambayar bincike, yadda ake jayayya da manazartan da suka gabata, da yadda ake jera bayanan ƙasan shafi, saboda 'yan gida sun yi shekara uku suna yin haka. Lokacin ganawa da malami sa'a ɗaya ce ko biyu a mako, ana layi a bakin ƙofa, kowa ya sami minti goma. Maƙalata ta farko ta yi wata huɗu kafin ta dawo, da sakamako da jimla biyu na sharhi, lokacin kuwa na riga na miƙa wasu biyu ɗauke da kurakurai iri ɗaya. Daga baya na gano akwai cibiyar taimakon rubutu a jami'ar, amma daga bakin wata ɗaliba na ji, ba daga sashenmu ba. A wajen kundin ƙarshe al'amarin ya gyaru, domin mai duba aikina yana tara ɗalibansa duk bayan mako biyu kowa ya gabatar da inda ya kai, a yi masa gyara ba sani ba sabo.

Ta fuskar kuɗi, yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, sai gudummawar zango ta 'yan ɗaruruwan Yuro. Jihar Baden-Württemberg ta bambanta, domin tun 2017 take karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba. Nauyin gaske yana kan rayuwa: daga Satumban 2024 mai neman bizar karatu yana nuna Yuro 11,904 na shekara guda, kuma an yarda ya yi aiki na cikakkun kwanaki 140 a shekara. Wanda zai haɗa aiki da maƙaloli uku a hutu ɗaya, da wuya ya gama a zango huɗu, kuma da yawa daga cikin abokan karatuna sai da suka ƙara na biyar.

Ga mai niyyar digiri na uku, ko aikin fassara, ko koyarwa a jami'a, ina ba da shawarar shirin ba tare da jinkiri ba. Sai dai kafin ya nema, ya sauke kundin bayanin darussa na jami'ar da yake so ya karanta shi shafi-shafi, ya duba ko ana sharɗanta sanin Latin ko tsohon Jamusanci, ya kuma sayi littafin nahawun Jamusancin tsakiyar zamani ya fara da kansa wata uku kafin zangon hunturu ya buɗe a Oktoba.