Taswirar burtali daga sama: aikin wani ofishin binciken ƙasa a Gadarif

Bayan girbin da ya wuce, kwamitin manoman ƙauyenmu da ke kudu da Gadarif, a gabashin Sudan, ya ɗora mini nauyin nemo hujja a kan tsohuwar taƙaddamar da ke tsakaninmu da makiyaya, game da burtalin da dabbobi ke bi su haura Butana, yankin kiwo da ke arewa da mu, da damina. Makiyaya na cewa gonaki sun cinye hanyar, manoma kuwa na rantsuwa cewa haka suka taso suka tarar da ita. Na kai maganar wani ƙaramin ofishi a cikin gari, inda wasu matasa ke haɗa taswira daga hotunan tauraron ɗan adam.

Hotunan ba nasu ba ne, kuma ba su ɓoye mini hakan ba. Tsofaffin daga Landsat na Amurka suke, wanda ya fara aiki a 1972, aka kuma buɗe taskarsa kyauta a 2008, sababbin kuwa daga Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015. Abin da mutum ke biya shi ne iya karanta su. A nan suka burge ni, domin kafin su karɓi ko sisi sun zaunar da ni sun bayyana cewa ɗigo ɗaya a hoton Landsat yana rufe mita 30 ta kowane gefe, ke nan fadan guda, ma'aunin gona mai murabba'in mita 4,200, bai cika ɗigo biyar ba, alhali a Sentinel-2 yakan kai ɗigo 42. Wanda ya zo neman iyakar da ke tsakanin gonarsa da ta maƙwabcinsa a shekarun 1980 ya ɓata tafiyarsa.

Burtali kuwa abu ne mai faɗi da tsawo, saboda haka ya fito sarai. Sun jera mini hotunan watan Oktoba na shekaru uku masu tazara, lokacin da gajimare ya yi sauƙi, riɗi ya fara bushewa, dawa kuma tana da sauran kore. Ana kallo ana ganin yadda manyan gonakin tarakta, irin waɗanda suka fara bazuwa a wannan yanki tun shekarun 1940, suka riƙa matse hanyar daga gefe biyu har ta koma siririya.

Inda suka gaza shi ne ba su taka ƙasar da ƙafarsu ba. Wata saura da aka bari ta huta shekara biyu sun shafa mata launin wurin kiwo, sai da wani dattijonmu ya gane wurin ta bakin rafi ya gyara musu. Sun karɓi gyaran ba gardama, amma da ba ya nan da kuskuren ya shiga takarda. Bayanin launukan ma da Turanci suka buga shi, a gaban mutanen da Larabci da Hausa suke ji.

Duk mai zuwa wurinsu ya tafi da wanda ya san dajin, ya kuma nemi a rubuta ranar ɗaukar kowane hoto a jikinsa. Ranar da muka shimfiɗa taswirar a gaban ɓangarorin biyu, babu wanda ya ƙara musun cewa hanyar ta ƙuntata. Gardamar ta koma kan wanda ya ba da izinin noma wurin, wannan kuwa sai takardun hukumar noma ta jiha, inda kwamiti ya sake tura ni.