Hattara da mai "gyaran standar" da ke yawo biro-biro a Yamai

Salamu alaikum ƴan uwa, musamman masu biro da kilinik da ajans, don Allah ku karanta wanga har ƙarshe.

Akwai wani mutum da ke yawo da jile da baj a wuya, da ƴar jaka ta kayan aiki, sai ya ce wai kamfanin da ya sa muku standar ɗin tarho (akwatin da ke rarraba kira zuwa tarhunan cikin biro) ne ya turo shi duba na shekara. Mu a wajen aikinmu nan Terminus ya zo ran da patron bai nan, sakatariya ta buɗe mishi, ni kuma wallahi har ruwan sanyi na ba shi. Standar ɗinmu Panasonic ne, irin mai layi 3 da posti 8 (tarhunan cikin biro) da aka ƙara ma kat, wato allon lantarki da ke ƙara yawan posti. Ya buɗe, ya hura ƙura, ya ce batir na ondilar (na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke) ya mutu sai an canza, ya amshi jikka 35 da wata takarda marar hatimi ya tafi.

Kwana huɗu posti takwas na sama suka yi shiru, kuma da an ɗauke wuta komi ya mutu nan take, alhali da can ondilar yana riƙe mu. Da teknisiyan ɗinmu na gaskiya ya zo sai ya tarar kat ɗin ƙari ba namu ba ne, wani ƙonanne aka maƙala, batir ɗin ma tsoho ne an goge shi ya yi ƙyalli, namu mai lafiya ya tafi da shi. Lambar da ya bari kuwa a kashe har yau.

Abin da ya sa muka yarda, maganarshi duk gaskiya ce. Ƙurar hunturu tana toshe na'ura, zafin Afrilu da Mayu yana cin batir, irin ƙaramin nan mai 12V 7Ah shekara 3 zuwa 5 kawai yake yi ko a wuri mai sanyi balle nan, kuma kafin damina dole a duba wayar ƙasa da abin kare tsawa. Da wannan yake shiga.

To amma mai aikin gaskiya yana auna batir da mita gabanka ka ga lambar da idonka, yana rubuta kwanan wata jikin sabon, ya bar maka tsohon. Ba ya cire kat wuta na kunne, kuma ba ya faɗo maka haka kawai ba randebu. Shi wanga ya ce ma sakatariya ta je ta gwada tarhon da ke ƙasan bene, ashe lokacin ya yi musanyar.

In ya zo muku, ku kira lambar da ke kan kontaraginku, ba wadda ya ba ku ba. Ku ɗauki hoton cikin akwatin da lambar kat tun yau, kuma ku faɗa ma gardi kar ya bar kowa ya hau wajen standar in ba mai biro.