Jirgin yawon tsibiran Girka: kafin ka biya, ka tambayi inda zai tsaya

Masu ta kirana daga Birnin Kebbi da Yauri suna tambaya ko tafiyar jirgin ruwan nan ta tsibiran Girka ta cancanci kuɗinta, ga amsar nan gaba ɗaya don bakina ya gaji da maimaitawa. Jirgin kanshi bani da wani ƙorafi mai yawa a kanshi, ɗaki tsaf, ma'aikata da fara'a, abinci kuwa baya yankewa, kuma duk kwanon da akwai naman alade suna rubutawa a gabanshi, mu dai kifi da shinkafa da ganye munka riƙe. Inda gizo ke saƙar shine takardar da ejan zai turo maka mai jerin tsibirai da lokaci, Rodos ƙarfe kaza zuwa kaza, Mikonos kaza, Santorini kaza, sai ka ɗauka duk awannin nan naka ne zaka yi su kana yawo cikin gari. Wallahi ba haka bane. Wurin da jirgin ke tsayawa shi ke yanke yawan abinda zaka gani, kuma daga ejan ɗin da ya haɗa mana tafiyar har kamfanin jirgin babu wanda ya ɗaga maganar kafin a karɓi kuɗinmu.

Ni da uwargida da Hajiyarmu munka je, Hajiya kuma gwiwa na damunta, ku riƙe wannan don shi ya sa na lura da abubuwan da saurayi mai ƙarfi ba zai kula da su ba. Daga Pireyas jirgin ke tashi, wato tashar ruwan birnin Atina. Bizar Shengen ake nema, wato ta haɗakar ƙasashen Turai da Girka ke ciki, kuma in jirginku zai leƙa Turkiyya a hanya to ka tabbata biza mai shiga fiye da sau ɗaya anka buga maka, don ka fita ka sake shigowa kenan a lissafinsu.

Rodos ita ce ta fi mana daɗi, ba don ta fi sauran kyau a hoto ba. Jirgin ya zo ya jingina da dakalin siminti anka ɗaure shi da igiya anka miƙa gadar sauka, ka nuna katinka na jirgi a ƙofa ka taka ƙasa shikenan, ganuwar tsohon gari gata nan gabanka, tafiyar 'yan mintuna ce da ƙafa ko da takun Hajiya. Ba bas ba tasi ba layi. Ganuwar nan ta dutse mayaƙan Kirista da ake kira jaruman Sen Jon ne sunka ƙarfafa ta, sun riƙe tsibirin tun wajen 1309 har 1522 lokacin da Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ya ci garin, Turkawa sunka zauna har 1912 da Italiya ta karɓe, daga baya ya koma hannun Girka. Shi yasa kana tafiya cikin lungu sai ka ga hasumiyar masallaci ta ɓullo tsakanin shagunan tsaraba. Masallacin Sulaiman mai jan bango yana can saman babban titin kasuwa, amma wanda Musulmin garin ke sallah ciki shine na Ibrahim Pasha, yana ɓoye cikin unguwa sai ka tambaya. Hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihin duniya a 1988. Abu ɗaya, ƙasan titunan tsakuwa ce anka jera a tsaye, takalmi mai siririn ƙasa zai baka wuya.

Amfanin kusancin nan sai da rana ta take munka gane shi. Hajiya ta gaji, munka koma jirgi, munka ci abincin da dama mun riga mun biya kuɗinshi maimakon mu zube yuro a gidan abinci, anka yi azahar a ɗaki anka ɗan kishingiɗa, da la'asar ni da uwargida munka sake fita sayayya munka bar ta tana barcinta. Shiga da fita yadda ka ga dama kaman gidanku. A takarda awannin Rodos da na wani wuri zasu iya zama ɗaya, amma nan kaɗai ne awa goma ta zama awa goma.

Mikonos kuma ta koya mani cewa ɗaure jirgi a gaɓa ba kullum ne alheri ba. Namu ya samu wuri a sabuwar tasha da ake kira Turlos, ina murna nace yau ma kaman Rodos, ashe tashar na da wajen kilomita 2 daga cikin gari, hanyar kuma gefen titi ce da motoci ke gudu ga rana ga iska, ba ta tsohuwa bace. Dole ka jira bas ɗin jirgi ko ka hau wani ƙaramin jirgin haya da ke kai mutane tsohuwar tasha, yuro 2 munka biya kowannenmu, ba tsada amma akwai jira zuwa akwai jira dawowa. Abin haushin, wani jirgin da bai samu wuri ba ya tsaya cikin ruwa, nashi fasinjojin ƙananan jirage sunka kwashe su sunka sauke su a tsohuwar tasha bakin gari, sun riga mu shiga. Saidai su ma nasu da sharaɗi, tsibirin nan iska gareshi, akwai wata iskar arewa da suke kira meltemi mai kaɗawa a watannin Yuli da Agusta, in ta yi ƙarfi kyaftin na iya soke sauka gaba ɗaya a wuce, kuma yana cikin ƙa'idar tikitin da ka sa wa hannu ba ka karanta ba. Garin kanshi fararen gidaje ne da lunguna da tsofaffin injinan niƙa masu aiki da iska a kan tudu, ya yi kyau a hoto, amma wurin 'yan shaƙatawar dare ne kuma komai tsada, in da iyali kake awa biyu ta ishe ka.

To sai Santorini, wadda hotonta ne ya ja mu tafiyar tun farko, fararen gidajen nan masu shuɗiyar ƙubba da kowa ke sawa a fuskar waya. Nan babban jirgi baya ɗaurewa sam. Tsibirin bakin dutse mai aman wuta ne da ya fashe shekara wajen 3600 da sunka wuce, tsakiyarshi ta rufta teku ya cika ramin, abinda ya rage shine katangar dutse a tsaye garuruwan na can bisa kanta. Jirgi zai shigo cikin ramin ya tsaya a tsakiyar ruwa, ƙananan jiragen 'yan garin su zo su riƙa jigila. Duk ɗan Yauri ya san wanga tsari, in ruwa ya ja baya babban jirgin kaya baya iya kaiwa gaɓa sai ya tsaya can ciki kwale-kwale su riƙa kwaso mutane da buhuna kaɗan kaɗan, to haka ne, saidai nan mutum dubbai ne kuma kowa na son ya riga kowa.

Ga yadda lokacin ke zubewa. Da farko sai ka je ka karɓi tikitin lamba a cikin jirgi, ka zauna kana sauraron lasifika har a kira lambarku, kuma waɗanda sunka sayi yawon da kamfanin jirgin ke shiryawa su ake fara fitarwa, ku da zaku yi gaban kanku sai daga baya. Mun fi awa ɗaya zaune muna kallon tsibirin ta taga. Da anka kira mu nace Hajiya kawo hannunki in riƙe ki, ƙaramin jirgin na rawa, tace "kai dai riƙe matarka, ni bakin Kwara anka haife ni", ta taka ta shige abinta Turawa na ta dafe-dafe. Abinda ta fara dubawa shine inda rigunan kariya suke da kuma ko ana ƙirga mutane, don tun hatsarin jirgin ruwan Warra na 2021 mutanenmu basa shiga jirgi ido rufe. Nan kam na yaba masu, ana ƙirgawa, in ya cika sun rufe ko minista ne kai.

Ƙaramin jirgin zai sauke ka a tsohuwar tasha, wani ɗan siririn wuri a gindin dutsen, garin Fira kuma na can sama fiye da mita 200. Hanya uku ce. Ko ka taka matakala kusan 600 mai lanƙwasa, ko ka hau alfadari a kan matakalar nan dai, ko ka shiga motar igiya, wasu ƙananan akwatuna ne da igiyar ƙarfe ke ja zuwa sama, tun 1982 take aiki. Hawan minti 3 ne kacal, yuro 10 munka biya kowa, amma akwati shida ne kowanne mutum shida, wato mutum 36 a tashi ɗaya, a awa guda bata wuce kwashe mutum 1,200. Yanzu ku yi lissafi da kanku, hukumar tsibirin ta ƙayyade fasinjan jirgin yawo 8,000 a rana a 2025, kuma wannan ragi ne anka yi don da abin ya fi haka, mazauna tsibirin duka basu wuce dubu goma sha biyar da ɗoriya ba. In jirage uku sunka haɗu rana ɗaya kaman ranarmu to layin sai ya naɗe wurin, ba inuwar kirki ba wurin zama. Matakala ba zancenta ga Hajiya, kuma ko mai lafiya ya sani tana da santsi ga kashin dabbobi ko'ina. Alfadaran kuwa ni da na taso cikin masu jakai ban ji daɗin ganinsu ba a ranar nan, gwamnatinsu ma ta hana ɗora masu abinda ya wuce kilo 100 tun 2018.

Da munka kai sama gaskiya wurin ya yi kyau, ba ƙarya a hoton, ka leƙa ƙasa ka ga jirginku da kake ganin ya kai unguwa guda ya koma ɗan mitsitsi. Amma ƙubbobin nan da anka fi ɗauka a hoto yawanci a ƙauyen Oia suke, wajen kilomita 11 daga Fira, sai ka sake neman bas ko tasi ga cunkoso. Da na duba agogo na cire lokacin layin saukowa na cire na ƙaramin jirgin ƙarshe, wanda ke tashi tun kafin lokacin da anka rubuta jirgi zai bar wurin, sai na ga in munka je Oia to sai Allah. Uwargida ranta bai so ba amma munka haƙura, munka sha lemo mai tsadar banza a Fira munka yi hoto munka koma layi. Kuma gara da munka yi haka, don da rana ta faɗi kowa ya taso lokaci ɗaya, mun ga mutane na gangarowa matakala da fitilar waya suna gudu. In kai ka fita da kanka ka makara jirgi baya jiranka, sai ka nemi hanyar da zaka tarar da shi a tsibiri na gaba da kuɗin aljihunka.

Wasu 'yan Ghana da muke cin abinci tebur ɗaya sun sayi yawon kamfanin, su ba a tsohuwar tasha anka sauke su ba, Atiniyos anka kai su inda jiragen fasinja na yau da kullum ke tsayawa, can akwai titin mota, bas na jiransu ya hau da su kai tsaye har Oia. Sun tsallake layin hawa gaba ɗaya, na saukowa ne kawai sunka sha tare da mu don a Fira bas ya aje su. Ni da farko ina ganin kuɗin yawon nan cuta ce, kuma a Rodos cuta ce ɗin, me zaka biya a kai ka wurin da kake hange daga tagar ɗakinka. A Santorini kam in kana da tsoho ko ƙananan yara ka biya kawai, ba ɗan jagoran kake saye ba, tashar da za'a sauke ka kake saye.

Don haka in ejan ya turo maka jerin, kar ka tsaya a sunayen tsibirai, ka sa shi ya rubuto maka kowanne ɗaurewa ake ko tsayawa cikin ruwa, wasu kamfanonin suna sa 'yar alamar anga, ƙarfen da jirgi ke jefawa ruwa don ya tsaya, kusa da sunan wurin, wasu kuma sai ka tona. In ɗaurewa ce wace tasha ce kuma nisanta nawa da gari, bas kyauta ne ko na kuɗi. Sannan a intanet ana samun jadawalin jiragen da zasu shiga kowace tasha a kowace rana, ka duba ranarku jirage nawa ne. Mai keken guragu kuma ya tambaya da kyau, don ba kowane ƙaramin jirgi ke ɗaukarshi ba in ruwa na motsi.

Sai maganar bil na daren ƙarshe da anka turo ƙarƙashin ƙofa. Banda kuɗin ihsanin ma'aikata da suke cirewa kullum, akwai harajin da gwamnatin Girka ta fara karɓa a 2025 kan duk fasinjan da ya sauka, daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba yuro 20 ne kan kowane mutum a Santorini, yuro 20 a Mikonos, sauran tashoshi irin Rodos yuro 5. Mu uku yuro 135 kenan a tsibiran nan uku, kuma baya cikin kuɗin da ejan ya faɗa mana, ku canza shi zuwa naira ku gani. Daga katin bankin da ka basu ranar shiga suke cirewa, kuma katin naira na iya ƙin aiki a can, ka tafi da na dala ko ka aje masu tsabar yuro a teburin karɓar kuɗi na jirgin tun ranar farko.