Allurar foliyuritan a tsagar tankin ƙasa, bayan damina huɗu

Tankin ƙasa na gidanmu da ke Mabera, a Sakkwato, ya tsage daga kusurwar bango har kusa da daɓe. Da rani ruwan da muka saya yana zurarewa, da damina kuma ruwan ƙasa mai laka yana tsattsafowa ciki. Sau biyu birkila ya shafe wurin da siminti, sau biyu tsagar tana sake buɗewa, saboda kankare yana motsi da zafi da sanyi, siminti kuwa ba ya miƙewa.

A watan Agusta muka kwashe tankin, muka kira masu yi wa bango allurar foliyuritan, wato wani ruwan magani da ake turawa cikin tsaga don ya toshe yoyo. Sun huda ramuka a karkace, kamar digiri 45, domin kowane rami ya riski tsagar a tsakiyar kaurin bango, suka ɗaura ƙananan bututun ƙarfe, sannan suka tura maganin da famfo daga ƙasa zuwa sama. Da zarar ya haɗu da ruwa sai ya kumbura ya zama kumfa. Ina tsaye da tocila na ga kumfar tana bulbulowa daga tsagar, kuma cikin 'yan mintoci danshin ya tsaya cak.

Sai dai ba a nan ake gane aikin ba. Maganin iri biyu ne: akwai mai shan ruwa, wanda yake zama a kumbure muddin yana jiƙe, akwai kuma wanda ba ya shan ruwa bayan ya daskare. Na farkon aka sa mana, ba tare da an yi mini bayani ba, kuma wannan ne babban ƙorafina. A garin da ruwan sama yake ɗaukewa wajen wata 8, zafin Afrilu kuma yake wuce digiri 40, irin wannan maganin yana bushewa ya tsuke. Mun yi tafiya muka bar tankin babu ruwa a bazara, damina na faɗuwa yoyon ya dawo.

Da na koma musu, babbansu bai yi gardama ba. Ya ce, "Alhaji, kumfa tsayar da ruwa take yi, ba ita ce ƙarshen aiki ba." Suka sake allurar da irin da ba ya shan ruwa, suka bi ta da wani foliyuritan marar kumfa wanda yake daskarewa kamar roba, yana bin motsin bango. Damina uku ke nan ban ga ɗigo ba.

Kuɗin ya fi na shafen siminti nesa ba kusa ba, amma na gamsu da aiki na biyu. Wanda zai yi, ya nemi a nuna masa takardar da ta tabbatar cewa maganin ya dace da ruwan sha, kuma ya sani cewa foliyuritan yoyo yake toshewa, ba ya mayar wa bango ƙarfinsa. Tsagar da take ƙara faɗi kowace shekara injiniyan gini ya kamata ya fara dubawa.