Auna ƙwayoyin da ke tsere wa tokamak: wace na'ura ta dace a saya?

A cikin tokamak, na'urar da ke tsare falasma (iskar gas mai tsananin zafi) da maganaɗisu, idan diyuteriyom ya haɗu da tiritiyom, nau'o'in haidurojin biyu, ƙwayar alfa mai ƙarfin MeV 3.5 (MeV ma'aunin kuzarin ƙwaya ne) ke fitowa. Aikinta ta zauna cikin falasma ta ƙara masa zafi. Wadda ta kuɓuce wa maganaɗisu kuwa bango take ci, shi ya sa ake son sanin yawanta da ƙarfinta.

Faranti mai walƙiya ya fi ba da bayani. Ana saka shi a kwanson garafayit mai ɗan rami da tsaga. Ƙwaya ta shiga, maganaɗisu ya lanƙwasa ta, ta bugi farantin ya yi haske, kyamara ta ɗauka. Gurbin da ta faɗa shi ke nuna ƙarfinta da kusurwarta. A maganaɗisu mai ƙarfin tesla 3, alfa na zagaye da nisan kusan santimita 9 daga tsakiya. Kafin a biya, a tambayi irin hodar walƙiyar da aka shafa wa farantin. P56 da aka yi aiki da ita a tokamak ɗin JET, Ingila, haskenta na jan kusan milisakan 2, don haka girgizar falasma mai sauri takan wuce ta. TG-Green da ake amfani da ita a tokamak ɗin ASDEX Upgrade, Jamus, ba ta kai mikrosakan 1 ba. Zafi na rage hasken, niyutiron, ƙwayar da ke fitowa tare da alfa, kuma na cika hoton da hazo.

Kofin Faraday, mai auna lantarkin da ƙwayoyin ke kawowa, ya fi jure niyutiron: zanen nikel masu kaurin mikromita 2.5 a jere, zurfin da ƙwaya ta kai shi ne ƙarfinta. Sai dai lantarkinsa ƙanƙane ne, hayaniyar waya na iya binne shi.

To, babu tokamak a Nijar, kuma waɗannan biyu sai da maganaɗisu mai ƙarfi ko injin harba ƙwayoyi suke da amfani. Ɗakin gwaji a Damagaram, robar CR-39 ce daidai da shi. Ba ta buƙatar wutar lantarki lokacin awo. Bayan ƙwayoyi sun buge ta, a jiƙa ta cikin ruwan NaOH (kaustik soda), giram 250 a lita, a digiri 70 na wajen awa 6, sannan a ƙirga ramukan da ƙwayoyin suka bari da madubin likita. Ba ta faɗin lokacin da ƙwaya ta iso, kuma ramuka in sun yi yawa sai su haɗe.

A haɗa da tukunyar ɗumama ruwa mai riƙe zafi da batiri, domin in wuta ta ɗauke ana tsaka da jiƙo, girman ramukan ya ɓaci. A ajiye robar a rufe cikin firiji, nesa da zafin Afrilu da iskar radon, wadda ita ma ke fitar da alfa. Kada a ɓare ledar da ke rufe fuskarta sai za a yi aiki, don ƙurar hunturu na karce ta har a ɗauka rami ne. Tushen alfa na gwaji, kamar Am-241 mai MeV 5.5, sai da izinin hukumar tsaron nukiliya a Yamai.