Sharhi kan gwajin cutar siliyak da na yi a Ikeja ina fama da mura

Na shafe kusan shekara biyu ina fama da kumburin ciki da gudawa mai zuwa ta tafi, ga ƙarancin jini da magani ya kasa gyarawa, kafin likitar da ke duba ni ta ce a yi mini gwajin cutar siliyak. Cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta lalata bangon ƙaramin hanji idan mutum ya ci gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir, kuma ana ƙiyasta cewa tana kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. Da yake na riga na ƙaurace wa burodi da taliya da kaina tsawon watanni, likita ta umarce ni in koma cin alkama fiye da sau ɗaya a rana har mako 6, domin gwajin ba ya nuna gaskiya ga wanda ya daina ci. Wannan bai yi wuya ba ga mazauniyar Agege, inda burodi ke bakin kowane layi, amma cikina ya ji jiki.

A mako na biyar, cikin ƙurar hunturu, mura ta kwantar da ni. Kwana uku babu abin da ke wuce maƙogwarona sai kunun gero da farfesu. Na kira ɗakin gwaje-gwajen da ke Ikeja in ji ko za a ɗage ranar, sai mai amsa waya ta ce in zo kawai, amma kada in ci komai da safe. Wannan shi ne kuskurensu na farko, kuma ya yi mini ciwo, domin na fito da sassafe cikin cunkoson motoci da yunwa da jiri, alhali wannan gwaji ba ya bukatar a zo da ciki wayam.

Wanda ya fanshe su a wurina shi ne jami'in da ke ɗibar jini. Ya dubi takardata, ya dubi hankicin da ke hannuna, bai ko ɗauko sirinji ba sai da ya tambaye ni yaushe rabona da burodi. Da na gaya masa, ya zauna ya yi mini bayani a tsanake cewa gwajin, wanda ake kira tTG-IgA, yana auna sinadaran garkuwa ne da jiki ke fitarwa saboda gulutin, kuma mura ko farasitamol ba su ne abin damuwa ba. Abin da ke iya ɓata sakamako shi ne rage cin alkama, musamman ga wadda ta daɗe ba ta ci, kamar ni. Ya sa na kira likitata a gabansa, ita kuma ta ce in koma gida in cika makonnin nan shida sannan in dawo. Ya kuma lura cewa ba a rubuta gwajin jimillar IgA ba, wato nau'in sinadarin garkuwar da gwajin ya dogara da shi, ya nemi likita ta ƙara shi, saboda akwai mutanen da jikinsu ba ya yin isasshen wannan sinadari, sai sakamakonsu ya fito babu cuta alhali tana nan. Da ya so, da ya ɗebi jinin ya sallame ni, ba zan taɓa sani ba. Allah ya saka masa da alheri.

Da na koma bayan kwana goma, ɗibar jinin ba ta kai minti biyar ba, wurin yana da tsabta, kuma ba su ƙara cajina a kan kuɗin da na biya tun farko ba, ko da yake kuɗin ba kaɗan ba ne. Sai dai sakamakon ya zarce ranar da suka yi alkawari da kwana huɗu, kuma ni ce na riƙa bibiya, babu wanda ya kira ya ba ni haƙuri.

Sakamakon ya nuna alamar cutar, don haka saura a zura mini kyamara ta maƙogwaro a gutsuro ɗan nama daga ƙaramin hanji domin tabbatarwa. A nan ne likita ta ce mura tana da muhimmanci, domin ana ba da maganin sa barci, kuma toshewar hanci da tari kan sa a ɗage aikin, saboda haka in sanar da masu aikin idan murar ta dawo. Har zuwa ranar, burodi ba zai bar faranti na ba, tuwon dawa da acca, waɗanda ba su da gulutin, kuma suna jirana. Zan sake zuwa ɗakin gwaje-gwajen idan bukata ta taso, amma duk wata tambaya a kan shirin gwaji zan kai ta ga likita ko jami'in ɗibar jini, ba ga mai amsa waya ba.