Bokitin nipul ga kajin gida a ƙasar hamada: inda ya yi kyau da inda ya gaza

Nipul ɗan ƙaramin kan famfo ne na roba, galibi ja, da tsinken ƙarfe a tsakiyarsa. Kaza ta taɓa tsinken da baki, ruwa ya ɗigo, ta sake shi ya rufe. Ana sayar da shi a ƙunshi mutum ya huda bokitinsa ya ɗaura, ana kuma sayar da bokiti mai cin lita 20 da aka riga aka ɗaura masa guda uku ko huɗu. Ga mai kiwon kaji biyar zuwa goma sha biyar a bayan gida, a wurin da rana ke ƙuna kuma iska ba ta da laima, ya cancanci a saya. Sai dai a watannin tsananin zafi bai isa ya zama shi kaɗai ne hanyar ruwan kaji ba, kuma wannan shi ne abin da takardar da ke cikin ƙunshin ba ta cika faɗa ba.

Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta yana wajen digiri 41 a ma'aunin Salshiyos, kuma ta fi sakewa idan yanayi yana tsakanin digiri 18 da 24. Da zarar ya doshi 30 za ka ga ta buɗe baki tana haki, ta ɗaga fukafukai daga jikinta. Hakin nan shi ne babbar hanyarta ta fitar da zafi, kuma ruwan jikinta ne yake tafiya da shi. Kaza mai ƙwai da ke cin kusan giram 110 zuwa 120 na abinci takan sha kamar rubu'in lita a rana idan gari da sanyi-sanyi. A tsakiyar zafi tana iya shan rabin lita. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne, don haka ƙwai ne yake fara raguwa idan ruwa ya yi ƙaranci, tun kafin a ga alamar galabaita. Da wannan ma'auni za a auna kowace irin mashaya.

Ta fuskar tsafta, nipul ya yi wa buɗaɗɗiyar mashaya nisa. Kwano ko tire da aka ajiye a ƙasa ba ya awa biyu a hamada ba tare da ƙura ta rufe shi ba. Kaji su yi tono su watsa masa yashi, su taka shi, su yi kashi a ciki, rana kuma ta shanye sauran. A bokiti mai murfi duk wannan babu. Ruwan da aka zuba da safe shi ne kaza za ta sha da yamma, bai ƙafe ba, bai gauraya da kashi ba, kuma ta kashi ne cutar zawo mai jini ke yawo tsakanin kaji. Akwai wata fa'idar da ta fi ƙarfi a busasshiyar ƙasa: buɗaɗɗen ruwa yana kiran duk wani mai ƙishi da ke kewaye, tsuntsayen daji, ɓeraye, ƙudan zuma, har da sauro idan ruwan ya kwana biyu. Tsuntsayen daji suna iya kawo murar tsuntsaye da ƙwarin jiki, sauro kuma yana ɗaukar cutar ƙurajen zanko daga wannan kaza zuwa waccan. Rufaffen bokiti yana rage wannan zirga-zirga ƙwarai.

Inda ya gaza kuwa yana cikin yadda kaza ke sha. A kwano takan tsoma baki, ta cika, ta ɗaga kai ta haɗiye, cikin ɗan lokaci ta ƙoshi. A nipul ɗigo-ɗigo take samu, kuma dole ta rufe baki a kan tsinke ta yi ta bugawa. Kazar da ke haki ba ta iya yin haki da wannan bugu lokaci ɗaya. Sai ta zaɓi numfashi, ta sha kaɗan ta koma inuwa, a daidai sa'ar da jikinta ya fi bukatar ruwa. Ga shi kuma ba ta da inda za ta tsoma leɓe da zanko, alhali jini yana yawan bi ta cikinsu, jiƙa su kuma yana taimaka mata ta huce. Idan hakin ya daɗe, iskar da take fitarwa da yawa tana sauya ma'aunin sinadaran jininta, abin da take gina ɓawon ƙwai da shi ya ragu, sai a fara ganin ƙwai mai ɓawo sirara ko mai laushi. Masu kiwo da yawa sukan ɗora laifin a kan abinci, su ƙaro garin ƙashi ko na kawa, alhali zafi da ƙarancin sha ne tushen abin.

Saboda haka duk ranar da ake sa ran zafi zai wuce digiri 35, a ajiye faffaɗan kwano mai zurfin santimita 5 zuwa 7 a inuwa, daga hantsi zuwa la'asar, a sauya ruwansa sau biyu, a ɗauke shi da yamma. Wasu kajin za su shiga su tsaya a ciki, kuma hakan alheri ne, don ta ƙafa ma suna rage zafi. Idan akwai 'yan tsaki a wurin, a zuba tsakuwa a kwanon don kada su nutse.

Nipul iri biyu ne. Akwai na tsaye, wanda ake ɗaurawa a gindin bokiti, akwai na kwance, wanda ake ɗaurawa a gefe. Na tsaye nauyin tsinkensa da ɗan ƙwallon ƙarfen da ke ciki ne ke rufe shi, don haka ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi zama daidai ya yi ta ɗiga. Kuma da yake a gindi yake, duk lakar da ta kwanta a bokiti a kansa take taruwa. Dole ne a rataye bokitin, lita 20 kuwa kilo 20 ne, ba kowane katakon akurki ke ɗaukar wannan ba. Na kwance yana da sifirin da ke mayar da tsinke, ana ɗaura shi santimita 3 zuwa 5 sama da gindi, laka ta kwanta a ƙarƙashinsa, bokitin kuma a ɗora shi a kan bulo kawai. A wuri mai yashi na kwance ne zaɓinmu ba tare da wani kokwanto ba. Daren hamada a lokacin sanyi yana iya kaiwa ga daskarewar ruwa, nan ma na tsaye ne ke fara toshewa, don ruwa yana kwana a cikinsa. Abin da na tsaye ya fi shi da shi guda ɗaya ne: ya fi laushin taɓawa, 'yan tsaki sun fi saurin gane shi.

Wajen ɗaurawa, yawancinsu suna son rami mai faɗin kusan milimita 9, amma a duba abin da aka rubuta a ƙunshin, kuma a gwada a jikin wata tsohuwar roba tukuna. Rami ya yi faɗi da rabin milimita, yoyo ya samu ke nan har abada. A naɗa farin tef ɗin masu gyaran famfo zagaye uku ko huɗu a kan gindin nipul ɗin da ake murɗawa cikin ramin, a murɗa da hannu har ya zauna, kada a matse da ƙarfi don robar bokiti tana tsagewa. Sannan a huda ƙaramin rami a murfi, ko a saman gefen bokiti inda ƙura ba ta faɗawa kai tsaye. Wannan ramin ana yawan mantawa da shi. Idan murfi ya rufe ruf, iska ba ta shiga ta maye gurbin ruwan da ya fita, bayan ɗan lokaci nipul ya daina bayarwa alhali bokiti a cike yake. Mai kaji ya leƙa ya ga ruwa ya tafi hankali kwance, kaji kuwa suna ta bugun busasshen tsinke.

Tsayi: na kwance ya kasance daidai kan kaza idan tana tsaye, na tsaye kuma sama da kanta kaɗan yadda sai ta miƙa wuya. Idan kajin ba girmansu ɗaya ba, a sa bulo a gefe ɗaya ƙanana su taka. A manyan gonaki akan ba kaji goma ko fiye nipul ɗaya, amma waɗancan ɗakuna ne masu fanka da na'urar sanyaya iska. A bayan gida, a hamada, nipul ɗaya ga kaji uku ko huɗu, kuma bokiti biyu a wurare biyu sun fi babba guda ɗaya, saboda kaza mai ƙarfi takan tsare mashaya ta hana na ƙasa da ita. Gwajin gudu ba shi da wuya: a danna tsinke minti ɗaya a tara a ƙaramin kofin awo. Ga manyan kaji ana son kusan mililita 60. Wanda ya ba da 20 ko 30 a cire shi a wanke, in bai gyaru ba a sauya.

Bokitin kansa ya fi nipul ɗin bukatar tunani. Kaji suna rage sha idan ruwa ya yi ɗumi ya wuce digiri 30, idan ya yi zafi sosai kuma su ƙi shi gaba ɗaya. Baƙin bokiti a rana yana kaiwa wannan matsayi kafin azahar. Fari mai shara-shara, wanda haske ke ratsawa, shi kuma yana tsirar da gansakuka. Abin nema shi ne bokiti mai kauri, mai launi mai haske wanda rana ba ta ratsa shi, na robar da aka yi don abinci, mai lamba 2 a cikin alamar kusurwa uku da ke gindinsa. Waɗanda ake sayarwa a haɗe sau da yawa robarsu sirara ce, hasken rana yana busar da ita ta yi ta ɓarewa a bakin ramukan, shi ya sa muka fi son a sayi nipul daban a nemi bokiti mai kyau daban. A ajiye shi a inuwar da ba ta gushewa, a tuna cewa inda ke da inuwa da safe yana iya zama tsakiyar rana da la'asar. A naɗe shi da buhun algarara a riƙa jiƙawa: a busasshiyar iska ruwan buhun yana ƙafewa da sauri ya tafi da zafin bokitin, kuma wannan dabara ta fi aiki a hamada fiye da ko'ina. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da aka daskarar, a jefa ta ciki da hantsi, tana riƙe sanyi na wasu awanni. Wanda ya haɗa bokitinsa da tiyo don ya riƙa cika kansa, ya binne tiyon ko ya rufe shi, don ruwan da ya tsaya a tiyo cikin rana yana iya ƙona hannu.

A lissafi, kaji goma da ke shan rabin lita kowace za su ɗauki kwana huɗu kafin su ƙarar da lita 20, kuma da wannan ake tallar kayan. Kada a bi wannan lissafin a lokacin zafi. A zubar da ragowar a zuba sabo kowace safiya, a kuma danna kowane tsinke da yatsa a ga ya ba da ruwa.

Ruwan rijiya da na burtsatse a busassun wurare yakan zo da gishirin ƙasa mai yawa. Shi ne farin ɓawon da ke taruwa a kan tsinke har ya ƙage, ko ya hana shi rufewa. Sau ɗaya a mako a wanke bokiti da buroshi. Sau ɗaya a wata a kwance nipul a jiƙa su awa ɗaya a ruwan khal da aka haɗa da ruwa rabi da rabi, a ɗauraye. Idan za a kashe ƙwayoyin cuta a jikin bokiti da bilic, wato ruwan sinadarin da ake fara da tufafi da shi, cokali ɗaya babba a lita huɗu na ruwa ya isa, a ɗauraye sosai, kuma kada a taɓa haɗa bilic da khal, don haɗin yana fitar da iska mai guba. Garin bitamin da na gishirin maido da ƙarfi, waɗanda ake yawan bayarwa lokacin zafi, suna barin wani yauƙi a cikin nipul da ke toshe shi. Gara a ba da su a buɗaɗɗen kwano, bokiti a bar shi da tsabtataccen ruwa zalla.

Koya wa kaji shan nipul aikin lokacin sanyi ne. A ɗauke tsohuwar mashaya da sassafe, a danna tsinke har ɗigo ya rataya, jan launi da ƙyallin ƙarfe za su jawo ɗaya ta buga, sauran su bi ta. A yi alama a jikin bokiti daidai bakin ruwa, a duba da yamma ko ya sauka gwargwadon yawan kajin. Idan kaza ɗaya ba ta gane ba, a kama ta a hankali a taɓa bakinta a tsinke sau biyu ko uku. Wanda ya sayi kayan a tsakiyar zafi ya ajiye shi kusa da tsohuwar mashaya kawai, kada ya ɗauke komai sai gari ya huce. Kaza mai karkataccen baki, da wadda aka datse wa baki da yawa, da marar lafiyar da ba ta iya ɗaga wuya, waɗannan a ba su kwano a kowane lokaci. Haka ma agwagi idan suna haɗe da kajin, don su sai sun tsoma kai gaba ɗaya a ruwa suke wanke hanci da ido.